Diddigen Ƙasimu da Ruwan Shuka

Ƙasimu Ɗanbala, aminina da muka binne makon jiya a Kwandiko, bai taɓa buga ƙwallo irin ta mutane ba. Kowa na harbawa gaba, shi sai ya juya baya ya tura da diddige. In an tambaye shi inda ya koya, sai ya ce, "A gonar Baba. Da me kuke rufe ramin shuka?"

Mun fara tare a ƙungiyar Gwaram bayan samun 'yancin kai, shi a gaba, ni a gola ina shan zagi. Da kuɗin mai suka shigo, masaƙun Kano suka shiga neman 'yan wasa. Kocin wata masaƙa ya gan shi ranar da ya zura wa Birnin Kudu biyu, ya ce ya zo gwaji ran Asabar. Wanda bai zo ba, za a ba wani gurbinsa.

Juma'a da la'asar ruwan shuka ya sauka. Mahaifinsa, Baba Maikano, ya tsufa, kuma Ƙasimu ne kaɗai ɗa namiji a gidan. Sungumi kawai tsohon ya ɗauko ya jingina a bakin zaure.

Ƙasimu ya dube ni ya ce, "Salihu, Kano ta wuce ni."

Na ce, "Hau mota, malam. Mu goma za mu yi maka gayya."

Baba Maikano ya ce, "Ku? Kai da ko ƙwallo ba ka iya riƙewa?"

Ƙasimu ya tafi, aka ɗauke shi. Mu kuwa muka yi shukar da gudu kamar ana busa mana usur. Da gero ya fito, layukan sun karkace kamar sawun maciji, wani wuri cunkus, wani wuri fili. Da Ƙasimu ya zo ganin gida ya tsaya a bakin gonar, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Amma na ga yadda ya kalli rumbunsu da bai cika ba a kakar nan.

Ya buga wa masaƙar shekara guda, har aka faɗi sunansa a rediyo. Da damina ta kewayo ya roƙi koci hutun shuka, aka hana. Ya ajiye musu takalminsu, wanda dama matse shi yake yi, ya dawo. Ya ci gaba da buga mana har gwiwa ta ƙi.

Na sha tambayarsa ko ya yi nadama. Kullum amsar ɗaya ce: "Nadamata ita ce barin ka da sungumi."

Jiya aka yi ruwa. Na bi 'ya'yansa gona, ina rufe rami a hankali, layi a miƙe. Allah ya jiƙanka, Ƙasimu. Ka ga dai na koya.