Kabarin Wana a Bakin Teku

Shekarun baya masu nisa, a shekarar da ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta, na je Kwatano a kowane lokaci na shekara: rani, bazara, damina da kaka. Mutane kan ce na yi sa'a, na ga teku tun ina saurayi. Ni ban taɓa kiran abin sa'a ba. Zan faɗi yadda aka yi bi da bi, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gazawa. Kakanninmu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, amma kunyarsu ba ta bar gidan ba. Wana shi ne ɗan fari, saboda haka mahaifinmu bai taɓa kiran sunansa ba. In yana neman sa sai ya ce, "Ina wancan?" In suka haɗu a zaure, ɗaya ya dubi ƙasa, ɗaya ya dubi bango. Ranar da wana ya tashi tafiya cin rani bakin teku, mahaifinmu bai raka shi ko ƙofar gida ba. Ni ya aika in ce masa ya dawo kafin shuka.

Ni kuwa ɗan karatun lakol, wato makarantar boko, da na yi ya sa wani mai fataucin fatu a Maraɗi ya ɗauke ni raka kayansa, tunda ina iya magana da 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka. Mota ke kai mu Faraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu Kwatano.

Zuwana na farko da rani ne. Na baro mutanen gida suna jin wuta da safe, na iske garin da gumi ba ya bushewa a jikin mutum. Iska mai danƙo, warin kifi da gishiri, ga teku yana ta ruri ba hutu. Na nemi wana a zango, na same shi gidan mai masaukinsa, wani dattijo Bagobiri mahauci. Wana dakon buhuna yake yi a bakin ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya rame har sai da na sake duba fuskar.

Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya tsoho? Ya yi zancena?"

Na ce, "Ya ce ka dawo kafin shuka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya yi ɗan murmushi ya juya fuska ga bango. Bai yi kwanaki da yawa ba Allah ya karɓi abinsa.

An kai shi makabartar baƙi, wani fili mai rairayi tsakanin teku da babban tafkin da ke bayan gari. Da mutane suka fara watsewa, ni na tsaya. A wurinmu in an rufe mutum aka ɗora ƙaya da fasasshiyar tukunya, shekara da shekaru tudun yana nan, jika ma sai ya nuna na kakansa. Duk da haka na ce bari in yi abin da tsari. Na farko, na sari reshe daga shingen makabartar na kafa turke wajen kai. Na biyu, na kifa rabin jar tukunya wajen ƙafafu. Na uku, na ƙirga takuna daga wata bishiyar kwakwa da ta karkace, ita kaɗai a jerin.

Mai masaukin yana tsaye yana kallo na. Ya ce, "Ɗan lakol, gona kake awo ko kabari?"

Na ce, "Alama nake sawa, Baba."

"Nan ba Gazawa ba ce. Ƙasar nan ba ta riƙe ajiya."

A raina na ce mahauci me ya sani game da tsari. Alama uku fa na sa.

Na iske mahaifinmu a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na faɗa masa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," hannunsa bai bar igiyar ba. Aka yi zaman makoki, mutane suka zo suka tafi, ban ga hawayensa ba. Sai bayan an tashi zaman ya kira ni bayan rumbu, inda ba kowa.

"Ka sa alama?"

"Na sa uku, Baba."

"In an yi kaka za ka kai ni."

Iyakar maganar ke nan. Mutumin da bai taɓa wuce kasuwar Agiye da ke kusa da mu ba, shi ne zai je bakin teku. Daga ranar na san aikina: in riƙe kabarin nan har kaka.

Zuwa na biyu da bazara ne. A gida rijiyoyi sun yi nisa, dabbobi sun rame, kowa yana duban gabas ko hadari zai taso. Na sauka Kwatano na iske ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, safe da yamma. Ko sallamar kirki ban yi wa mai masaukin ba, na ce ya raka ni makabarta. Da muka isa na ɗauka ɓatan hanya muka yi. Filin da na bari fari tas ya zama daji, ciyawa ta fi ni tsawo. Turken da na kafa ya yi saiwa ya fitar da ganye. Wannan bai dame ni ba da farko, sai da na lura duk wanda ya rufe mamacinsa a nan daga shingen nan ya sari turke, kuma dukansu sun tsiro. A wurinmu itacen da ka sare ka kafa, sai dai gara ta ci shi. Ban taɓa tunanin zai rayu ba.

Dattijon ya ce, "To, ɗan lakol, turkenka ya yi aure har ya haihu. Wanne ne uban?"

Ban yi dariya ba. Na ari lauje, na je gindin karkatacciyar kwakwar, na yi takuna cikin laka ina yankan ciyawa. Ruwa yana duka na, sauro yana ci na da rana tsaka. Can ƙafata ta taka wani abu mai tauri. Na tona, ga rabin jar tukunyata. Tudun kam ya baje, ba bambanci da sauran ƙasa. Na tara rairayi da hannu na sake ɗaga shi, na gyara wa tukunyar zama, na yi addu'a. Na dubi dattijon da alfahari.

Ya ce, "Ka ci wannan. Allah ya kai mu na gaba."

Da na koma gida mahaifinmu ya ce, "Tana nan?" Na ce, "Tana nan." Ya gyaɗa kai.

Zuwa na uku tsakiyar damina ne, kuma ba ni da dogon bayani a kansa. Na baro gero ya kai ƙugu. Na baro mahaifinmu yana nome gayaunar wana, ɗan filin da ya yankar masa tun yana saurayi. Shi kaɗai yake nome ta bayan an tashi daga gandu, ya hana kowa sa mata hauya. A Kwatano kuwa ruwa ya ɗauke. Sama ta yi toka-toka, iska mai sanyi tana busowa, teku ya fusata har masunta sun ja jiragensu tudu. Komai na garin nan a juye yake da namu.

A makabarta na iske mutanen zango sun yi aikin gayya. Sun sare dajin duka, sun kwashe guntayen tukwane da gwangwanaye sun zubar, sun share fili fes. Aikin lada suka yi, ba wanda zan zarga. Na tsaya gindin kwakwar na yi takuna, na isa wani wuri da ba komai a kansa sai sawun tsintsiya. Na yi addu'a ina fatan a nan ne.

Na gaya wa mahaifinmu gaskiya. Na ce, "Biyu sun tafi, saura ɗaya."

Ya ce, "Ɗaya ma alama ce." Ya saɓi hauyarsa.

Da aka yi kaka, aka ɗaure dammuna aka zuba a rumbu, ya ce in shirya. Ya sa an sussuke geron gayaunar daban, ya ɗura a 'yar jakar fata, ya ce sadaka zai kai. Duk tsawon hanya jakar tana kan cinyarsa. Bai ce uffan a kan mota ba, bai ce uffan a kan jirgin ƙasa ba, alhali shi ne ganinsa na farko. Tambayarsa guda ce, in lokacin salla ya yi: ina gabas?

Muka iske ruwa ya dawo Kwatano. Mai masaukin ya tarbe mu, ya shimfiɗa wa mahaifinmu tabarma, suka yi gaisuwa da ta'aziyya irin ta manya. Sannan ya ja ni gefe.

"Tafki ya cika ya tumbatsa. Ruwan daminar arewa ne ya gangaro, haka yake yi kowace shekara. Makabarta tana cikin ruwa."

"Kwakwar fa?"

"Wacce? Ƙasa ta jiƙa, rabinsu sun karkace, wasu sun faɗi." Ya rage murya. "Ji nan, ɗana. Nuna masa ko'ina. Tsoho ne, ya sha hanya. Ya yi addu'arsa ya koma da sanyin zuciya. Allah ai ya san inda bawansa yake."

Muka tafi mu uku.

Abin da ya faɗa haka yake. Ruwa ja ya shimfiɗu daga bakin shinge har inda ido ya tsaya, ganyaye da ɓawon kwakwa suna yawo a kai. Na dubi jerin bishiyoyin. Wannan ta karkace, waccan ta karkace, wata tana kwance saiwarta a sama. Na duba, na sake dubawa. Ni da na yi ta taƙama da alama uku, ko gindin da zan fara taku ban gane ba.

Mahaifinmu ya ce, "A ina?"

Dattijon ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na ɗaga hannu zan nuna, sai na tuna mutumin nan damina guda ya yi yana nome gayauna shi kaɗai don wannan tsayuwar. Na sauke hannun.

Na ce, "Baba, ban sani ba. Ya ɓace mini."

Na jira faɗa, bai yi ba. Ya miƙa mini jakar geron, ya tuɓe takalmansa, ya naɗe wando, ya shiga ruwan. Na ce, "Baba, akwai rami," bai waiwayo ba. Ya yi ta tafiya a hankali har ruwa ya kai masa gwiwa. Ya tsaya ya dubi dama, ya dubi hagu, kamar mai neman ɗan maraƙi cikin garke.

Sai ya kira sunan wana.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Da farko a hankali ya fito, kamar harshen bai san hanyarsa ba. Ya sake kira da ƙarfi, yadda ake kiran mutum daga wancan gefen gona. Sannan ya ce, "Ni ne. Na zo. An yi kaka. Gayaunarka ta yi kyau bana."

Dattijon nan mai ba'a ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ni kuwa na tsaya rungume da jakar gero, na rasa inda zan sa idona. Mahaifinmu ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a mai tsawo, ya haɗa da duk baƙin da ke kwance ƙarƙashin ruwan nan, waɗanda nasu ba su samu zuwa ba. Da ya fito ya sa takalmansa, ya ce a kai geron gidan mai masauki a dama fura, a ba 'yan dakon da suka yi aiki da shi. Ya koma ce wa wana "shi". Har ya bar duniya bai sake furta sunan ba, kuma bai taɓa yi mini zancen alamun ba.

Ban sake komawa Kwatano ba. Na bar aikin fatu na kama noma. Har yau ni mai son tsari ne, jikokina sun san ba a ajiye mini lauje inda ake ajiye gatari. Amma na daina yarda cewa abin da na kafa zai tsaya don kawai na kafa shi daidai. Kuma in kaka ta yi, gari ya cika da murna da ƙamshin sabon gero, ni warin ruwan tafkin nan nake ji. Abin da ya fi ci mini rai ba ɓatan kabarin ba ne. Tambayar da wana ya yi mini ce a kan tabarmar jinya, da amsar da nake da ita a lokacin.

Da aka haifa mini ɗan fari, na sa masa sunan wana. Dangi suka kawo laƙabin da za a riƙa sakaya shi da shi, na ce su riƙe abinsu. Tsofaffin gidanmu sun ce lakol ta cire mini kunya. Na bar su suka faɗa. Yau shi ma ya yi furfura, kuma duk safiya in ya shigo gaishe ni, tun yana zaure nake kiran sa da sunansa, da ƙarfi, yadda zai ji.