Teburin Barmo Mai Rijiya

Barmo ƙanen kakana ne, saboda haka bakina a sake yake a kansa, shi ma nasa a sake yake a kaina. Shekara talatin da wani abu ya yi yana haƙar rijiya, daga Falanko har Tenhya, irin rijiyoyinmu na Damargu waɗanda in ka leƙa sai ka hango ruwa can ƙasa kamar idon kaza. A 1965 igiya ta tsinke da shi a wata rijiyar makiyaya. Aka kawo shi gida a kan raƙumi. Maɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗe, amma ƙafar hagu ta sandare tun daga cinya, ta zama taɓarya.

A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwo a cikin gida. In an idar da magariba kowa ya fito da akushinsa ƙofar gidan Liman Mamman, a kewaye a kan tabarma, a fara da na wannan a ƙare da na wancan. Ciyayya ke nan. Wanda ba a gani ba, ko dai yana kwance, ko ya zama marowaci.

Da Barmo ya samu sauƙi ya fito da sandarsa. Sai ƙafa ta rasa wurin zama. In ya miƙe ta gaba ta nufi akushi, wannan kuwa ba a yi. In ya karkata ta, ta nufi Liman. In ya ja baya hannunsa ba ya kai wa miya. In an gama kuma sai mutum biyu sun kama shi kafin ya tashi, mutumin da dā shi ke fito da wasu daga rami. Ran nan Zakari, amininsa tun na ƙuruciya, ya yi tuntuɓe da ƙafar yana riƙe da kwanon miya, miya ta bi rairayi. Zakari ya ce gobe Barmo ya riƙa barin itacen nan a gida, ya zo shi kaɗai. Kowa ya yi dariya, har Barmo. Bai ƙara fitowa ba.

A lokacin ne na dawo. Ni dai na bar lakwal, wato makarantar boko, a Tanut ina aji huɗu, don mun kasa shiryawa da Mushe, yadda muke kiran malamin lakwal, a kan wane ne zai riƙa magana a aji. Na yi karen mota tsakanin Damagaram da Agadas, na yi tallan taba, na dawo gida da mataji ɗaya da baki. Na tarar da tsohon a ɗaki yana cin tuwo shi kaɗai, fuska ga bango. Matarsa Yagana, wadda ke kirana maigidanta tun ina rarrafe, ta ce loma uku yake yi ya ture kwano. A waje kuma an fara cewa nama yake ɓoyewa.

Ni na kawo zancen tebur. Na ba shi labarin wanda na gani a gidan darektan lakwal: mutane su zauna kewaye, ƙafafu duk su shige ƙarƙashi, ba mai sanin ta wa ce miƙaƙƙiya ta wa ce lanƙwasasshiya. Sai ya tambayi tsayinsa. Na dafa ƙirjina na ce iya nan.

"Ka tabbata, Mushe?" Haka yake kirana don ya ji haushina.

"Tsoho, sau nawa aka kifa ni a kansa aka zane ni? Na san shi fiye da darektan."

Katako a Damargu ba a tsinto shi a hanya, sai dai wannan karon a hanyar muka tsinto shi. Akwai wata babbar mota da ta mutu a hanyar Agadas tun ina zirga-zirga, rairayi ya cinye tayoyinta. Na je da jakai biyu na ɓamɓaro katakan bayanta. Ƙafafu kuwa aduwa Barmo ya sa aka saro masa. Ya zauna a kan kututture a tsakar gida, ƙafa a miƙe, yana sassaƙa da gizago. Aduwa ba ta jin lallashi. Yini guda sai ya fitar da abin da bai fi tafin hannu ba, ya jingina da bango yana haki. Ƙusoshin da muka zare daga katakan ya daddaƙe su da dutse suka miƙe, amma bai yarda da su ba. Ya ce shi bai taɓa rataya ransa ga ƙusa ba. Sai ya jiƙa ɗanyar fatar raƙumi ya ɗaɗɗaure kowace gaɓa, yadda ake ɗaure itacen bakin rijiya. Da fatar ta bushe, ko bijimi ya tunkuyi abin ba zai motsa ba.

Rani guda ya ci. Ranar da muka tayar da shi tsaye, Yagana ta fito daga madafa ta dube shi, ta tambaya ko rumbu ne za a ɗora a kai. Tebur ya kai wa Barmo ƙirji a tsaye. In ya zauna sai dai ya gaisa da tuwo ta ƙasa. A nan na tuna cewa lokacin da na auna na darekta da ƙirjina, shekarata goma. Na faɗa masa. Bai zage ni ba, na kuwa so ya zage ni. Ya ce kawai in je in aro zarto. Zarton da ke garin haƙoransa sun fi na Liman ƙaranci, kwana huɗu muka yi muna rage ƙafafu. Da sauran katako ya haɗa benci mai cin mutum biyar.

Wata Alhamis majiya ƙarfi huɗu suka kinkimi tebur zuwa ƙofar Liman. Barmo ya sa rigarsa ta Juma'a. Magidanta suka fito da akusa, suka tsaya kewaye da tebur kamar masu jiran sallar gawa. Liman Mamman ya shafa katakon, ya yaba ɗaurin, ya sa wa aikin albarka. Sannan ya ce shi shekara saba'in yana cin abinci a ƙasa, haka ya tarar, haka ya karanta, bai hana kowa hawa ba, amma shi a bar shi a kan buzunsa. Ya zauna.

To, wa zai ɗare benci Liman yana ƙasa? Ɗaya bayan ɗaya suka sulale kan tabarma. Zakari ya dubi amininsa, shi ma ya zauna. Aka bar Barmo a kan kututturensa, shi da tebur mai cin mutum goma, kansa sama da rawanin Liman. Ni da na yi yawon duniya ban hango wannan ba, shi da bai yi ba ma ya manta ba a zama sama da Liman. Ko loma bai kai baki ba. Ya ce a mayar da kayan gida.

Damina ta samu tebur a tsakar gida. Yagana ta riƙa shanya kuɓewa a kai, awaki suna kwana a ƙarƙashi. Ruwan shekarar bai yi auki ba, gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Barmo ya koma ɗakinsa da loma ukunsa. Na yi ta yi masa ba'a, na ce mu sa wa abin tayoyi in ja shi zuwa Agadas. Ko murmushi.

Bayan an yi ɗan girbin da aka samu, wata safiya na ji kukan zarto. Na tarar ya kwantar da tebur yana yanke ƙafafu, wannan karon bai bar musu fiye da taƙi ɗaya da rabi ba. Na tambaye shi ko akushi yake son mayar da shi. Ya ce in ɗauko masa dagi da ƙwaryar kwasar ƙasa, kayan da bai taɓa ba tun faɗuwarsa. Ya dogara sanda har gidan Liman ya nemi izinin taɓa ƙasar ƙofar gida. Sai ya zauna ya haƙa rami mai gangara, daidai tsawon ƙafarsa, ya jera guntayen aduwa a gefe don kada rairayi ya rufta, yadda ya yi wa rijiya ɗari. Aka ɗora tebur a kai. Ya zauna a kan tabarma kamar kowa, ƙafa ta gangara cikin rami ta ɓace.

Sai dai mutanen da aka yi dominsu ba sa nan. Rumbuna ba su cika ba, magidanta sun watse cin rani tun kafin sanyi. Zakari ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, wai Kano, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Da magariba mu uku muka zauna: Liman, Barmo, da ni da ba ni da mata balle akushi, an kira ni cike gurbi. Liman ya dubi tebur ya ce wannan ai faifai ne babba, ba laifi. Tuwon ba shi da yawa, miyar kuka ce tsararo. Barmo ya ci har ya suɗe hannu.

Da aka shafa fatiha na miƙa masa hannu.

"Riƙe abinka, Mushe."

Ya dafa katako, ya dogara da bakin rami, ya miƙe shi kaɗai. Ya daɗe a tsaye yana maida numfashi, yana duban gefen teburin da ba kowa.

Yanzu shekara ta kusa zagayowa. Mutum biyu sun dawo, Zakari bai dawo ba. Iska kuwa ba ta san da zaman ramin ba, kullum sai ta cika shi. Saboda haka kowace la'asar za ka ga Barmo ya fito da ƙwaryarsa, ya zauna a ƙofar Liman, yana kwashe rairayi kafin a kira magariba.