Saƙon da Ya Ƙi Barin Bango

"Takin bai iso ba, ku ƙara haƙuri," in ji shugaban ƙungiyarmu ta manoma jiya a Ikara. Ni ina gefe, ina haska sunayen mambobi a bango daga kwamfutarsa.

Sai ga saƙon direbansa ya faɗo, kowa na gani: "Alhaji, na sauke buhunan takin a gidanka na Paki."

Da can, daƙiƙa biyar saƙo ke yi ya ɓace. Amma makon jiya Alhaji ya yi ƙorafin saƙonni na gudu kafin ya saka tabarau, ya sa na mayar da saitin minti biyar.

Alhaji ya daka mini tsawa: "Malam Sani, cire abin nan!"

Wani dattijo daga Kurmin Kogi ya ɗaga hannu. "Bar shi, ɗana. Ni a hankali nake karatu."

Ya karanta da ƙarfi, har sau biyu.

Cikin ikon Allah, kafin la'asar taki ya iso, aka raba. Ni kuma aka sallame ni, wai ban iya kwamfuta ba.

Jama'a, idan na samu sabon oga, minti nawa zan sa masa?