Sifanar da Ta Faɗo Kan Fiffiken Jirgi

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta da safiyar da sifana ta kuɓuce mini a rumfar gyaran jirage a Abuja ba. Wata na uku ke nan da ɗaukata aiki, ina ji da kaina sosai, domin a garejin babana na tashi a Karmo. Fanel-bita ne shi, kuma abin da ya koya mini guda ne: ka shafa da tafin hannu, in ba ka ji lotsawa ba, ƙarfe lafiyarsa ƙalau.

Ina kan tsani sifanar ta zame, ta faɗa kan gefen fiffike na baya, wurin da ke motsawa in jirgi zai sauka. Na waiga, ba wanda ya gani. Na sauko na duba, ko fenti bai kwarzane ba. Na shafa sau uku kamar yadda aka koya mini, sumul. Sai na mayar da sifanata aljihu na ja bakina na yi shiru.

Matsalar ita ce wurin ba ƙarfe ba ne. Fata biyu ce siririya, sama da ƙasa, an manne su a kan wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma. Ga rashin nauyi, ga ƙarfi. An faɗa mana a aji cewa in abu ya buge shi, fatar sama takan lotsa ta dawo daidai, cikin kuwa ya murƙushe. Na ji da kunnena, har na rubuta a jarrabawa, amma hannuna ya fi yarda da babana.

Oganmu wani dattijo ne Bagwari daga Bwari, mai yawo da tsohon kwabo mai huji a aljihu. Da shi yake ƙwanƙwasa jikin jirgi yana saurare, mu kuwa mu yi ta yi masa dariya a ɓoye, wai boka ya zo duba. Ranar ya zagaya, ya ƙwanƙwasa nan da can, bai taɓa inda sifanar ta faɗa ba. Ya ɗauko takarda zai sa hannu. Da azahar jirgin zai ɗebi mutane zuwa Legas.

Tsoro biyu suka haɗu mini: na kora daga aiki, da na abin da zai iya samun mutanen nan a sama. Ba zan yi ƙarya ba, na farkon ya fi ƙarfi. Sai da ya cire murfin biro na ji bakina ya ce, "Oga, sifana ta faɗo mini a can."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaushe ya faɗi?"

"Tun ƙarfe takwas."

"Since eight! Kai ka zauna kana kallon ni kamar ɗan biki? Nuna mini wurin."

Ya fara ƙwanƙwasawa daga nesa. Ƙal, ƙal, ƙal, ƙara tas. Da ya iso wurin sai muka ji dum, kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Ya zagaye wurin da alli, ya ce jirgi ba inda za shi yau. Da aka yanke fatar, saƙar ta murƙushe faɗin tafin hannuna.

Ba a kore ni ba. Takardar gargaɗi na sha, ba don faɗuwar sifana ba, don awa uku da na yi shiru. Oga, da yake ya san babana fanel-bita ne, ya miƙo mini guntun da aka yanke ya ce, "Kai wa baban ka, shi ma ya yi inspection."

Na kai masa kuwa. Babana ya lumshe ido ya shafa, ya ce, "Wannan ai sabo ne fil." Na ce ya juya bayan. Ya daɗe yana kallon murƙushewar, sannan ya tambaye ni a hankali, "Mutum nawa ke shiga jirgin?"

Yau ni ke sa hannu, kuma abin da ranar ta koya mini shi nake fara faɗa wa duk sabon ma'aikaci. Kwabo yakan tsallake wuri, ido da hannu sukan yi ƙarya. Wanda abu ya faɗo daga hannunsa ne kaɗai ya san inda za a ƙwanƙwasa, don haka ya faɗa tun kafin a cire murfin biro.