Filin da Baba Ya Shata da Toka

A gangaren unguwar Briqueterie a Yaoundé, ta wajen Ekoudou, akwai wani wuri da ake ajiye tasi ana wanke su. Yaran yanzu gareji suke ce masa. Ni bakina bai taɓa faɗa ba.

Filin ƙwallo ne. A da har da bencina na katako da ƙofar shiga, ran Lahadi daga Elig-Edzoa mutane ke takowa kallo. Babanmu mai tsire ne a bakin ƙofar, shi ne kuma mai shata layukan filin. Ba ruwansa da fenti. Tokar tukubarsa yake tarawa duk mako, ya tankaɗe da rariyar Inna, tana ta faɗa yana ta dariya, ya zuba a gwangwanin da ya huda ya bi filin a sunkuye. Farar toka a kan jar ƙasar Yaoundé, kai, abin kallo ne. Ruwa ya wanke, ya sake shatawa.

Da aka gina babban filin wasa can nesa, namu ya fara mutuwa. Bencinan suka ƙare a murhun mutane. Wata safiya muka ga motoci a tsakiyar fili, daga nan kuma shi ke nan. Baba ya kwashe tukubarsa ya koma bakin titi, amma abin bai bar ransa ba. Da ciwo ya kwantar da shi, magana ɗaya ya riƙe: a filin nan za a sallace shi. Yayana yakan ce to Baba, to, irin ta lallashin tsoho. Ni na san da gaske yake.

Ran da ya rasu, yaya ya je wajen mai garejin, ya dawo jiki a sanyaye.

"Ya ce direbobi sun tafi da makullai, c'est impossible, ba zai yiwu ba. A yi a ƙofar masallaci kawai, ai duk ƙasar Allah ce."

Raina ya ɓaci. Na ja mayafi, na bar mata suna kuka, na nufi zaure inda tsofaffin 'yan ƙwallo ke zaune, duk sun yi furfura, wani har da sanda. Na san mace ba ta kutsa kai cikin wannan zama. Na kutsa.

Na ce, "Baffannina, shekara da shekaru kuna gudu a cikin layin da ya shata muku. Yau mota ce ta gagare ku?"

Tsohon golansu, wanda ya koma tela, ya dube ni. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa na kusa da shi.

Daga benen maƙwabta na kalla. Tsofaffi da mahauta da duk wanda ya zo wucewa, cak suke ɗaga tasi su dire ta a gefe. Mai gareji na ta ihu zai kira 'yan sanda, da makara ta shigo sai ya cire hula. Sahu ya cika filin bakin da baki. A nan na yi kukana, kuma ba na baƙin ciki kaɗai ba ne.

Washegari motoci suka koma inda suke. Su koma mana. Har yau in na hau tasi, stade, wato filin ƙwallo, nake cewa a sauke ni. Direba ya waigo ya ce, Hajiya, babu stade a nan.

In ce masa, tsaya, mun iso.