Saƙon Doguwa Mai Zuwa Ba Kai

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina koyar da adabi a wata sakandare a Tudun Wada. Lokacin ne abokina ya dawo daga karatu da tsofaffin kwamfutoci biyu, da wani buri da ya fi ƙarfin aljihunsa.

Kawuna da sauran manoman rani suna noma a bakin wani rafi da ke gangarowa daga duwatsun Doguwa. Da rani yashi ne zalla, a cikinsa suke tona rijiya su ajiye injin ban-ruwa. Tashin hankalinsu farkon damina ne. Sai a sheƙa ruwa can sama, nan kuwa rana na ƙwallewa, ba zato ambaliya ta taho ta tafi da inji da tiyo.

Abokina ya ajiye kwamfuta ɗaya wurin wani malamin gona a Doguwa, ɗayar a ɗakin taron manomanmu, ya haɗa kowacce da rediyon oba-oba da dogon eriya. Idan an yi ruwa a sama, a rubuta can, ya bayyana nan, ya zauna a kan allo ko da babu kowa a ɗakin. Damina guda abin ya yi aiki lafiya lau.

Sai ya samo faifai daga Kano ɗauke da sabon kanel, wato zuciyar manhajar da kome na kwamfuta ke rataye a jikinta. Ya ɗora wa duka biyun yana murna, wai wannan ya fi sauri. Ya kuwa fi. Sai dai daga ranar saƙonni suka riƙa zuwa ba kai. Ka iske an rubuta, "...tun da hantsi, ku yi abin da ya dace." Mene ne ya faru tun da hantsi? Oho.

Ga hadari ya fara leƙowa ta kudu, ga albasar kawuna tana neman ban-ruwan ƙarshe. Kawun nawa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi abokina.

"Ɗan nan, in cire injin albasa ta ƙone, ko in bar shi rafi ya cinye? Zaɓa mini ɗaya."

"Baba, a ƙara mini haƙuri."

"Ni na ƙara. Je ka roƙi hadarin."

Abokina ya hau eriya ya sauko, ya sauya waya, ya gwada batir. Ni ma na ba da tawa gudunmawar: na ce wataƙila itatuwan dajin Falgore ne ke tsinke kalmomin a hanya. Ya gode mini, ya ce in riƙe masa tsani.

Ya bayyana mini cewa saƙo ba ya tafiya a dunƙule, yanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi. Sai ya sa malamin gonar ya riƙa turo ƙunshin da lamba a jiki. Nan ya gano wanda ke ɓata kullum shi ne na farko bayan an yi shiru, na bayansa duk suna isowa.

Daga nan ya yi abin da har yau nake jin sa a kunnena. Ya jona lasifika, ya ce mu saurara. Ya tayar da kwamfutarmu da tsohon kanel, ya tura rubutu. Muka ji wani siririn gunji ya ɗan ja, sannan ƙara kamar ta gyare ta biyo. Ya ce, "Malam, ka ji jimlarka." Shekara nawa ina koyar da jimla, ban taɓa jin kukanta tana keta iska ba.

Ya mayar da sabon kanel. Gyaren na nan, gunjin kuwa an datse shi, da ƙyar kunne ke kama shi. Ya buɗe direba, wato ɗan tsarin da ke tsakanin kwamfuta da rediyo, ya bi layi-layi har ya tsaya a kan wata lamba. Ita ke faɗa wa kwamfuta ta ɗan dakata bayan ta kunna rediyo kafin ta fara magana. Sabon kanel ya rage ta. Rediyonmu kuma tsoho ne, kafin ya farka ya buɗe kunne an wuce shi. Nan take abokina ya mayar da lambar yadda take a kwamfutarmu.

Da aka yi wa kawuna bayani, cewa ya yi, "Au, faɗowa gida yake yi ba sallama? To wa zai saurare shi?"

Washegari abokina ya hau babur ya nufi Doguwa don gyara ta can, ya bar ni gadin allo. Bayan azahar rubutu ya fito, da kansa da ƙafarsa: "An yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, rafi ya ciko. A fitar da injina." Na gyara zama ina yaba tsarin jimlar, ina zaton gwaji ne. Sai wani saƙon ya biyo: "Malam, na san kana zaune. Tashi."

Ban san na iya tuƙa keke haka ba. Kawuna ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take. Ya dube ni, ya dubi albasarsa da ta gama shan ruwa, ya ƙwala wa maƙwabta kira. Muka kinkimo injina muka jawo tiyo zuwa tudu, muka zauna. Har wani ya fara tsokanata, wai boko ya sa su dako a banza.

Ƙarar muka fara ji, kamar manyan motoci a nesa. Sai ga ruwan ya kunno kai ta kwana, ja wur, yana tura kumfa da karare da wani kututture a gaba. Nan da nan rijiyoyin da muka bari suka shafe. Rana kuwa na dukan ƙeyarmu. Kawuna na ta maimaita "Allahu Akbar" a hankali, hannunsa a kan injinsa.

Yau saƙo na shigo mini waya daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ko gezau. Amma idan na tuna cewa gumin mutum na rani guda ya taɓa rataya a kan jiran da bai kai ƙiftawar ido ba, sai in ajiye wayar. Ruwa ya taso, magana ta taso a bayansa, ta tsallake daji ta riga shi isowa. Da idona na gani, kuma har gobe ban gama mamaki ba.