Motar da Aka Lulluɓe

A garejin Wilfredo da ke garin Caguas, wani dattijo na tsaye cikin farar rigar zuwa coci. Wilfredo bai san shi ba, yatsun mutumin dai kamar na tela. Injin mota samfurin rotari ya kawo gyara, ƙarfen cikinsa mai kusurwa uku ya cije gam. Duk saukar gudumar Wilfredo a kan ƙarfen, sai dattijon ya runtse ido.

"Baba, irin wannan inji zama ke kashe shi," in ji Wilfredo. "Yaushe rabon a tashe shi?"

"Motar ɗana ce. Tun da muka binne shi na lulluɓe ta, don kada ta lalace."

Wilfredo ya ajiye gudumar. Dattijon na ta shafa ƙarfen.

"Ashe ni na lalata ta."